Har yaushe 'ya'yanmu za su tsaya a kwanon sarki?

Duk wanda ya saba leƙa wuraren da ake gini a Kano ko Kaduna, ko unguwannin Abuja irin su Lugbe da Kubwa da Gwarinpa, ya san yadda aka raba aikin ko ba a faɗa masa ba. Masu haƙa fandisho da diga, masu kwaɓa kankare, masu hawa bene da kwanon sarki a ka tun safe har la'asar sakaliya, yawancinsu 'ya'yanmu ne. Wasu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Zamfara, wasu daga Maraɗi da Damagaram. To amma ka jira ranar da gini ya kai ga ƙarashe, ranar da za a shimfiɗa tayil, a ɗaura silin na zamani, a ja wayar wuta, a haɗa famfunan banɗaki. A ranar za ka ji harshen da ake yi a wurin ya canza. Mai ginin da kansa zai ce a nemo masa 'yan Kwatano ko 'yan Togo, wai su ne hannunsu ya faɗa. Kuma a nan kuɗin yake. Abin da mai tayil zai ɗauka a jingar gida ɗaya, lebura sai ya yi wata da watanni yana dako bai haɗa shi ba.

Ba don in zuga kowa a kan baƙi nake faɗin haka ba. Mutanen nan guminsu suke ci, sun zauna sun koya, aikinsu kuma yana yi musu shaida. Namu ne ke damuna. A ganina aikin gini yana cikin 'yan sana'o'in da suka rage a ƙasar nan waɗanda ɗan talaka zai shiga da hannu biyu kawai, ba jari, ba ubangida a gwamnati, kuma wata rana ya zama shi ke ɗaukar wasu aiki. Sai dai yaranmu suna shigowa su tsaya a zaure, ba sa ƙarasawa cikin gida. Yaro ya fara lebura yana ɗan shekara goma sha shida, ka dawo bayan shekara ashirin ka same shi lebura, sai dai bayansa ya fara ciwo.

Abin ya fi ciwo idan ka tuna cewa gini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da sarautar Sarkin Magina tun kafin Bature ya zo. Masallacin Juma'a na Zariya da Malam Mika'ilu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, har yau masana zanen gini na duniya suna zuwa kallon bakan gizonsa, suna mamakin yadda aka ɗaure azara da ƙasa suka ɗauki wannan rufi. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin garinsu a 1962, masallacin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Waɗannan mutane ba su shiga jami'a ba, amma sun san awo, sun san nauyi, sun san yadda ƙasa ke yi idan ta sha ruwa. Kuma suna da tsarin koyarwa: yaro ya fara da kwaɓar ƙasa da mulmula tubali, ya koma miƙa wa magini, ya fara ɗora katanga, kafin a bar shi ya taɓa ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakan gizo. Kowane mataki da lokacinsa, kuma akwai wanda ke kallonsa.

Da siminti da rodi suka zo, kayan aiki sun canza, amma wancan tsari bai bi su ba. Sana'ar ta zama ta wanda ya rasa abin yi. Ka saurari yadda iyaye ke yi wa yaro faɗa in ya ƙi karatu: "Ka ci gaba da wasa, ƙarshenka lebura." Ka duba yadda ake yi idan birkila ya je neman aure gidan 'yan boko. Uban da ke biyan magini dubban ɗaruruwa don ya gina masa gida, shi ne zai ji kunya a ce ɗansa magini ne, ya gwammace yaron ya zauna shekara biyar da takardar digiri a jaka yana jiran a buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan kwastam. Wannan raini shi ne tushen matsalar, domin sana'ar da aka raina ba ta samun yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, masu kaifin ƙwaƙwalwar da suka faɗo cikinta kuma ba sa ɗaukarta a matsayin abin da za a gina rayuwa a kai. Jiran wata hanya suke yi.

Yanzu bari in yi magana da matashin da yake cikinta, ko yake tunanin shiga. Aikin gini ba a samunsa ta hanyar rubuta takardar neman aiki, aƙalla a farko. Ta mutane ake samunsa. Ka je wurin da ake gini da sassafe, ka gaida foman ko babban birkila, ka ce kana neman aiki, yau a ce babu, gobe wani bai zo ba a ce ka ɗauki shebur. Daga ranar an fara auna ka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ana kallon lokacin zuwanka, ana kallon ko kana ɓacewa idan tifa ta zo da bulo, ana kallon ko buhun siminti yana raguwa a inda aka bar ka. Babu takardar da ta kai "yaron nan ba ya taɓa kaya" daraja a wannan sana'a, domin magini yana tafiya da yaransa daga wannan aiki zuwa wancan, kuma wanda ya amince da shi yake kira.

Amma amana ita kaɗai tana iya barin ka lebura amintacce har tsufa. Abin da ke ɗaga mutum shi ne awo. Lebura yana sayar da ƙarfinsa, ƙarfi kuwa kowa yana da shi, shi ya sa yake da araha. Ranar da ka fara riƙe tef ka fara sayar da abin da ba kowa ke da shi ba. Ka tsaya kusa da birkila lokacin da ake fitar da layin gini, ka ga yadda ake kafa turaku a ja igiya, ka tambayi dalilin da ya sa ake auna ƙafa uku a wannan gefe, huɗu a wancan, a tabbatar tsakaninsu biyar ne cif kafin a yarda kusurwa ta daidaita. Ka san cewa bulo goma ne ke cike murabba'in mita ɗaya na bango, don in aka nuna maka ɗaki ka iya cewa bulo kaza zai ci. Ka san abin da ake nufi da kwaɓin ɗaya, biyu, huɗu, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ka kuma san cewa tsuga ruwa a kankare don ya yi saurin zubuwa raunana shi yake yi. Ka san bambancin rodi mai milimita 10 da 12 da 16, da inda kowanne ke shiga. Ka lura da 'yan guntayen kankaren nan da ake kira biskit, waɗanda ake sa wa a ƙarƙashin rodi kafin a zuba dakin, wato rufin kankare, don kada ƙarfen ya kwanta a kan katako ya fito fili ya yi tsatsa. Ka san me ya sa ake shayar da kankare ruwa mako guda ko fiye, da me ya sa injiniyoyi ke lissafin ƙarfinsa a kwana 28. Duk waɗannan ba sirri ba ne. A gaban idon lebura ake yin su kullum. Bambancin kawai shi ne wani yana kallo yana tambaya, wani yana jiran a tashi.

Sama da duka kuma, karatun zanen gini. Na sha ganin birkila mai shekara ashirin a sana'a, hannunsa kamar inji, amma in aka miƙa masa takardar zane sai ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Oga, kai dai nuna mini a ƙasa." Wannan mutum ba zai taɓa zama foman a babban aiki ba, ba don ya gaza wanda aka ɗora masa ba, sai don bai san wannan layin bango ne, wancan taga ce, wannan lamba kuma tsawo take nufi ba. Abu ne da yaron da ya gama firamare da kyau zai koya cikin 'yan watanni in ya sami mai nuna masa. Shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana cewa yaro ya bar makaranta ya kama sana'a, kamar ɗaya kishiyar ɗaya ce. Yaron da bai iya ninkawa da rabawa ba, bai iya rubuta lissafin kaya ba, an riga an yanke masa iyakar inda zai kai a gini. Almajirin da ke zuwa lebura ranar Alhamis da Juma'a ma, in aka ba shi ajin lissafi na dare, ƙwaƙwalwar da ta haddace izu sittin ba za ta gaza riƙe ma'aunin bene ba.

Daga nan sai zaɓen fanni. Wanda ya ce shi komai yana yi, birkila ne, kafinta ne, mai fenti ne, yawanci ba a kiransa sai an rasa wani. Tayil, ɗaurin rodi, kafintan dakin, rufin kwano na zamani, haɗa famfo, wayarin wuta, walda, tuƙa manyan injinan haƙa da na ɗaga kaya, kowanne sana'a ce mai zaman kanta. Ka ɗauki ɗaya ka zauna a kanta. Kuma kada girman kai ya hana ka zama yaron ɗan Togo shekara biyu in shi ne ya iya.

Ga maigidan da ke koyarwa kuma akwai magana. Da yawa cikin maginanmu suna riƙe yaro a matsayin mai miƙo bulo shekara da shekaru, ba sa ba shi cokalin gini ya ɗora ko layi ɗaya, don tsoron kada ya iya ya ƙwace musu masu ba da aiki. Ba a yin yarjejeniya da iyaye, ba a sa ranar yaye, yaro yana nan har ya gaji ya gudu da rabin sani, ya je ya fara karɓar aiki yana ɓata wa mutane gini, sunan sana'ar ya ƙara lalacewa. Maƙwabtanmu na kudu da na Kwatano sun fi mu a nan: ana kawo yaro da shaidu, a faɗi shekarun da zai yi, ranar da ya gama a yi masa bikin sallama kowa ya san ya zama gwani. Ƙungiyoyin magina da ke kusan kowace ƙaramar hukuma za su iya tsara wannan ba tare da jiran kowa ba.

Sai batun takardar shaida, wadda da yawa ke ɗauka aikin banza ce. A ƙaramin gini na unguwa ba mai tambayarka. Amma manyan ayyuka suna wucewa ta ƙofar gidajenmu. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne. Ga titin Abuja zuwa Kano, ga gadojin sama da kusan kowane gwamna ke yi. Kamfanonin da ke irin waɗannan ayyuka, idan za su ɗauki mai walda ko mai tuƙa inji ko ɗaurin rodi, takarda suke tambaya, ko su gwada ka a gabansu. Wanda ba shi da ita sai a rubuta shi lebura na wucin gadi, a sallame shi ranar da aka ga dama. Hanyoyin samun takardar kuwa suna nan. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Akwai hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 don jarrabawar makarantun fasaha. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda a cikinsa ake iya zuwa a duba abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida a kai, ko da bai taɓa zama a aji ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana Jos. Matsalar ita ce birkilan da ke Rijiyar Zaki ko Rigasa bai taɓa jin labarin ko ɗaya ba, domin da Turanci ake sanarwa, a otal ake taron, kuma ba wanda ya taɓa zuwa wurin da ake buga bulo ya yi masa bayani da Hausa. Gidajen rediyonmu da ke cika dare da sojojin baka na siyasa za su iya ba wannan rabin sa'a a mako.

Masu digiri da difloma su ma ba su tsira ba, sai dai tasu matsalar ta juya. Ɗalibin injiniya ko fasahar gini ana tura shi koyon aiki na watanni a ƙarƙashin shirin SIWES, amma sananne ne cewa da yawa ofishin wani kawu suke samu a sa musu hannu a littafi, ba su taɓa tsayawa a rana ana zuba dakin ba. Ya gama, ya zo wurin gini da takalmi mai sheƙi, tsohon birkila ya yi masa tambaya ɗaya a kan fila, wato ginshiƙin gini, ya kasa amsawa, daga ranar ba mai sake jin maganarsa. Shawarata ga irin wannan matashi ita ce ya karɓi aikin kula da ƙaramin gini ko da kuɗin mota kawai za a ba shi, ya ƙasƙantar da kai ga masu hannu, su koya masa yadda ake yi, shi ya koya musu dalilin da ya sa ake yi. Sannan ya bi rajista. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, CORBON kuma ta 1989 ita ke yi wa ƙwararrun magina. Ba tare da hatiminsu ba akwai ayyukan da doka ba ta yarda ka sa wa hannu ba. 'Yan matanmu ma akwai wurinsu a nan, musamman a zanen gini da ƙididdigar kuɗin kaya, kuma waɗanda suka shiga suna yin abin a yaba.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan daɗin baki ne, a ƙasar da mai gini ke neman mafi araha, wa zai biya gwani? Akwai gaskiya a ciki, kuma nan ne laifin ya dawo kanmu masu ba da aiki. Mutum zai kashe miliyoyi a fili, amma ya ƙi biyan injiniya ya duba masa zane. Zai sayi bulon da aka buga sittin a buhu ɗaya mai kilo 50, wanda in ka murza gefensa da yatsa yake zubewa, don ya fi sauƙi da 'yan nairori. Zai ce a rage rodi, a cire katakon dakin kafin lokaci don haya ake biya. In birkila ya ce ba zai yi ba, a kore shi a kawo wanda zai yi. Sakamakon mun gan shi. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka mutu, yawancinsu ma'aikatan da suka fito neman na abinci. A Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗo a titin Beirut a Kano. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Duk ranar da hukumomin tsara birane suka fara tsayawa a kan cewa ba a zuba dakin sai ƙwararre ya duba ya sa hannu, ranar ce ƙwarewa za ta yi tsada, kuma ranar ce uba zai fara tura ɗansa koyo da kansa. Tsaron rai da samar da aiki a wannan fanni abu ɗaya ne.

Haƙƙin lebura kuma a wuyanmu yake. Yaro yana hawa hawa na uku a kan katako ɗaya mai lilo, da silifas, ba hular kwano, siminti ya cinye masa tafin ƙafa. In ya faɗo, a kai shi wurin mai ɗori, a ba shi ɗan abin da ya samu, a ce ƙaddara ce, washegari wani ya ɗauki kwanonsa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF saboda irin wannan rana, amma a ƙananan gine-gine ko sunanta ba a sani ba. Ga kuma ɗan kwangilar da zai karɓi kuɗi a hannun mai gini, ya bar leburori zaune a kan bulo har bayan magariba suna jiran kuɗin yini, ya kashe waya. Mu da muke karanta hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, bai kamata a same mu da wannan ba. Mutumin da ake cuta kullum ba ya tunanin ƙwarewa, tunanin tsira yake yi.

Abin da nake so in gani daga gwamnonin Arewa ba rabon baro da shebur a filin wasa ba ne. Makarantun fasaha da muke da su, irin na Kano da Wudil da Bagauda, a mayar musu da kayan aiki da malaman da suka taɓa riƙe cokali, a ɗauko tsofaffin magina a biya su su koyar. Kuma duk kwangilar gini da jiha za ta bayar, asibiti ne ko gada ko ajujuwa, a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa kamfani zai ɗauki yara kaza 'yan yankin a matsayin masu koyo, a san sunayensu da fannin kowa, a gwada su ranar da aka gama a ba su shaida. Kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe na kuɗinsa sai an ga yaran an ga aikin hannunsu.